Garuruwan da muke wucewa cikin dare



Yawancinmu a nan Sabon Ibadan mun bi hanyar gida sau ba adadi, amma in aka ce mutum ya faɗi yadda Bode Saadu ko Kutigi suke da rana, sai ya yi shiru. Motar dare muke hawa. A tashi da yamma, a yi ta gyangyaɗi, gari ya waye mana a wajajen Suleja. Garuruwan da ke tsakani ba mu san su da komai ba sai gargada da fitilar masu shayi.

A watan Disamba na 2025 mu huɗu muka yanke shawarar tafiya Zariya da ƙaramar mota, ba gaggawa, mu kwana a garin da yamma ta same mu. Muka ɗauki tabarmi, gidan sauro, buta, jarkar ruwa, risho da tukunya ɗaya, sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Sharaɗinmu ɗaya ne: da an kira magariba an ajiye mota.

Tsakanin Oyo da Ogbomosho babu abin ba da labari sai tireloli da haƙuri. Muka wuce Ilori, muka isa Jebba rana ta yi sanyi. Shekara da shekaru ina haye kogin Kwara a wurin nan ido a rufe, sai ranar na ga faɗinsa, da ƙaton dutsen da ke tsaye cikin ruwa, da gadar jirgin ƙasa, da masunta suna janyo kwalekwale bakin gaɓa. Akwai ma ginin tunawa da Mungo Park, Baturen da ya bi kogin ya kuma halaka a cikinsa can wajen Busa.

Bayan sallar isha muka gaida liman, muka ce mu matafiya ne. Ya haɗa mu da yaro zuwa gidan Sarkin Hausawa. Aka yi mana tambayoyi sosai: daga ina, 'ya'yan wa, wa ya san mu a Sabo. Da aka gamsu, sai aka nuna mana rumfar gefen masallaci muka ɗaura gidan sauro. Rishon ko kunna shi ba mu yi ba, domin tuwon shinkafa da miyar kifi ne suka fito daga gidaje biyu. A nan na tuna cewa Sabon da muke taƙama da shi ma haka ya faro, zango ne na fataken goro da shanu, kuma duk inda ayari ya saba yada zango za ka tarar da namu a wurin har gobe.

Washegari muka tsaya Mokwa, kuma wannan tsayawar ce ta fi yi mini nauyi. Duk mun ji labarin ambaliyar 29 ga Mayu 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta fi ɓarna a Unguwar Hausawa da Tiffin Maza. Ji daban, gani daban. Ka ga fili, a ce maka nan gidaje ne a da. Muka yi ta'aziyya, muka yi addu'a, muka ba da ɗan abin da ke aljihu. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, don kawai ya ji daga Ibadan muka zo.

A Mokwa hanya take rabuwa. Wadda iyayenmu suka sani ita ce ta Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, amma mutanen tasha suka ba mu shawarar mu bi ta Bida saboda 'yan bindiga, mu kuwa ba mu yi gardama ba. Muka wuce Kutigi, muka haye kogin Kaduna a gadar Wuya, muka ɗan zaga wurin maƙeran tagulla a Bida.

Kwana na biyu a wani ƙauyen Nufawa ne kafin Agaie. Mai garin ya ce ba za a ce baƙo ya kwana a waje a garinsa ba, ya buɗe mana zaure. 'Yan banga suka rubuta sunayenmu da lambar mota, ni kuwa hakan daɗi ya yi mini. Masu sha'awar kafa tanti a daji irin na Turawa su yi haƙuri, zamanin nan ba na haka ba ne. Cikin mutane ake kwana, da sanin mai gari.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shafinmu shi ne: in motar ɗan uwa ta lalace ko ta yi hatsari a wannan hanya, Allah ya kiyaye, ba mu ne za mu fara isa ba. Mutanen waɗannan garuruwa ne suke kai na kaiwa asibiti, su yi wa mamaci sutura, su nemi danginsa. Na karɓo lambobin wayar shugabannin Hausawa da na tasha a Jebba, Mokwa, Kutigi da Lambata, zan gabatar da su a taron wata mai zuwa a shigar cikin kundin ƙungiya. Direbobinmu masu bi ta Okene da Lokoja, don Allah ku zo mana da na ɓangarenku.