Idan Ramin Masai Ya Cika

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, a duk ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne. Sai dai kowane rami yana da ranar cika, kuma a gari irin Dutse, wanda yake ta bunƙasa tun da ya zama babban birnin jiha a 1991, ranar ba ta da nisa. In aka kwashe masai aka juye a bayan gari, ruwan damina zai iya komo da ƙazantar cikin rijiyoyi, ga amai da gudawa na jira.

Sunan jihar kansa na nuni ga mafita. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, takin zamani kuwa ya yi wa ƙaramin manomi tsada. Alhali yawancin sinadarin naitirojin da jiki ke fitarwa a fitsari yake, wato abin da manomi ke nema a buhun yuriya. A jihar Maraɗi mata manoma sun tara fitsari a jarkoki, suka rufe na wata biyu zuwa uku, suka zuba wa gero. Amfanin da suka samu ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100.

Bayan gida ya fi wuyar sha'ani, domin ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa bai mutu ba. Dabarar da ta yaɗu a Indiya ita ce masai mai rami biyu. In ɗaya ya cika sai a toshe shi, a koma ɗayan. Bayan kamar shekara biyu, abin da ke ciki ya bushe, ya zama taki marar wari.

Saura ƙyama da batun najasa. Malaman Malikiyya sun daɗe da duba wannan, har Mukhtasar na Khalil ya lissafa shukar da aka raya da najasa cikin abubuwa masu tsarki.

Abin da Dutse ke bukata shi ne filin busar da kwasar masai nesa da rijiyoyi, da safar hannu da takalman roba ga masu kwasa, da dokar hana kai ɗanyen kashi gonar kayan lambu. Gero da dabinon yankin za su amfana da sauran.