Tafiyar Baba Masinja Zuwa Bukuru

A garin Baure, gabas da Daura, dab da iyakar Nijar, an yi wani dattijo wanda manya da yara su ke kira Baba Masinja. Shekara 30 ya yi yana aikin masinja a En'e, da fari a ƙasa, sa'an nan bisa doki, daga baya kuma bisa keke. Babu ƙauyen da bai taka ba tsakanin Baure da Zango da Daura. Amma duk yawon nan ko sau ɗaya bai yi don kansa ba, kullum saƙon wani ne cikin jakarsa. Takardun da ya ke ɗauka kuwa bai san abin da ke cikinsu ba, gama bai iya boko ba sai da furfura ta fara fito masa, sa'ad da aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci, ya je ya zauna tare da sa'o'in 'ya'yansa.

A ƙarshen 1959 ya ajiye aiki, aka ba shi garatuti, aka yanka masa ɗan fansho. Nan da nan masu ba da shawara suka yi masa caa. Wannan ya ce ya ƙaro aure, wancan ya ce ya sayi shanun noma, liman kuwa ya ce ya cika kuɗin ya tafi Makka. Baba Masinja ya gode musu duka, ya ce wa liman, "Allah ya gafarta malam, yaya zan nufi Ɗakin Allah da haƙƙin ɗan'uwana a wuyana? Bukuru za ni tukuna."

Ga asalin maganar. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Sai Turawa suka juyo kan ramukan kuza na Jos, aka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ala tilas, ana kai su haƙa. Shi ne abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, bai kuwa ƙare ba sai 1944. Mutane da yawa sun mutu can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

To, ran nan aka ba Masinja takarda a rufe ya kai wa dagacin ƙauyensu. Ya kai, aka tara jama'a, aka buɗe ana kiran sunaye. Suna na huɗu na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda su ke noman gonar gado tare. Ƙanen ya dube shi cikin taro ya ce, "Ashe Yaya, gonar ce ka ke so kai kaɗai?" Masinja ya rantse bai san abin da ke cikin takardar ba. Amma wa zai yarda, alhali daga jakarsa ta fito? Aka tafi da yaro. Da wa'adi ya cika waɗanda su ke da sauran kwana suka komo gida, shi ko ya ƙi. Shekara 17 babu saƙo, babu gaisuwa.

Sa'ad da Baba Masinja ya iya riƙe alƙalami, wasiƙar da ya fara rubutawa a duniya ta ƙanen nan ce, don wani ɗan koli ya ce ya gan shi a kasuwar Bukuru yana sayar da itace. Ya aika, shiru. Ya sāke, shiru. Ya aika ta uku, ko tari bai ji ba.

A ƙasar Amurka, in dattijo ya ajiye aiki, sau da yawa yakan sayi wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da makewayi, ya ɗauki matarsa su yi ta zaga 'ya'ya da jikoki. Baba Masinja ba shi da irin wannan mota, amma shi ma ya ɗaure gidansa ya tafi da shi: tabarma, da buta, da bargo, da fitila, da ƙuli-ƙuli cikin jakar nan tasa ta aiki. Tsaraba kuwa, daddawa da kuka don 'ya'ya, da buhun gero guda wanda bai gaya wa kowa mai shi ba.

Cikin watan Janairu na 1960, hunturu na busawa, ya hau babbar mota zuwa Daura, daga nan ta Kazaure da Dambatta har Kano. Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, amma sai ran nan Baba Masinja ya fara ganinsa ido da ido. Ya tsaya yana duban dalar gyaɗa, buhu bisa buhu har wuyansa ya gaji, yana cewa a ransa watakila har da gyaɗar Baure a ciki. Sa'an nan ya bi layi ya yanki tikiti. Da aka miƙo masa ya juya shi, ya haɗa baƙaƙe, ya ga an rubuta Kano da Zariya. Ya yi murmushi, gama wannan ce takarda ta farko da zai yi tafiya da ita yana sane da abin da ta ƙunsa.

Taragon gama-gari gari ne sosai. Ga fatake da huhun goro, ga mata da goyo da kaji cikin akurki, ga soja za shi hutu, ga almajirai da alluna. Kafin a ƙetare gadar Calawa kowa ya san inda maƙwabcinsa ya nufa da abin da zai kai shi. Duk tashar da aka tsaya sai 'yan talla su yanyame tagogi da fura da nono, da ƙosai, da rake. Wata tsohuwa ta rasa sukuni don tsoron kada a wuce da ita. Baba Masinja ya ce, "Kwantar da hankalinki, Iya, kowace tasha da sunanta a allo." Ya riƙa leƙawa yana karanta mata, aka wuce Dangora, da aka iso Gimi ya ce mata ta sauka. Ta sa masa albarka har jirgi ya tashi.

A Zariya ya sauka Tudun Wada wurin 'yarsa, ya ga jikoki uku waɗanda sai a wasiƙa ya san sunansu. Kwana uku ya yi ana ta ɗawainiya da shi. Surukinsa ya ce, "Baba, dā akwai ƙaramin jirgi daga nan kai tsaye zuwa Jos, amma an daina shi tun 1957. Sai ku bi ta Kaduna da Kafancan." Ya sāke hawa, jirgi ya ƙetare kogin Kaduna da shi, ya kwana biyu a Kakuri wurin ɗansa, mai aiki a masaƙar da aka buɗe a 1957. Ɗan bai so tafiyar ba. Ya ce, "Baba, mutumin da ya ƙi amsa wasiƙa uku, me zai hana ya kunyata ku gaban jama'a?" Uban ya ce, "In ya kunyata ni, ai ni na fara kunyata shi. Kai dai ka tuna zumunta a ƙafa ta ke."

Daga Kaduna zuwa kudu ƙasa ta fara sāke kama. Mutumin da ya tashi cikin rairayin Baure, inda za ka hango gawo da kuka tun daga nesa, sai ga shi cikin daji mai duhu, da jar ƙasa, da rafuka masu ruwa a tsakiyar rani. Aka wuce Zonkwa, aka iso Kafancan, inda hanyoyi suka rabu. Nan ma karatu ya yi masa rana, ya duba allo ya shiga jirgin Jos ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wannan reshe, wanda aka gama a 1927, shi ne mafi ban sha'awa cikin tafiyar. Jirgi ya bi gindin duwatsun Kagoro, ya wuce Mancok, ya kama hawa yana nishi yana tafiyar hawainiya. In ya sha kwana, sai Baba Masinja ya leƙa ta taga ya hango wutsiyarsa can baya tana biye kamar maciji. Ga kwari a ƙasa, mutane sun koma kamar tururuwa. Ga duwatsu an ɗora wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jera. Da aka hau tudu, wanda tsawonsa ya kai wajen ƙafa 4,000, itatuwa suka janye, fili ya buɗe, ga gonakin acca an kewaye su da ƙerana. Sanyi ya shigo tarago, kowa ya jawo mayafi.

Daga Kuru ya fara ganin tarin ƙasa tsibi-tsibi, da manyan kududdufai masu koren ruwa. Ya tambayi wani, aka ce masa ramukan kuza ke nan. Nan take daɗin kallo ya fita ransa. Ya dubi bargon da ya ƙudundune da shi, ya tuna ƙanensa da 'yar riga guda aka kawo shi nan.

A Bukuru bai sha wuyar nema ba. Ya yi sallama, wani mutum ya fito, gemu ya yi fari, ya tsufa ya fi yayansa. Suka dubi juna. Ƙanen ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya," ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo ruwa da tuwo. Ban da gaisuwa ba wanda ya ce uffan har aka yi sallar lisha.

Da dare ya yi, sai ƙanen ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwani, ya zaro wasiƙu uku, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ya ce, "Ni ban iya karatu ba. Takardar ƙarshe da ta fito daga hannunka, wani ne ya karanta mini ita gaban mutane. Na yi alkawari ba zan sāke ba. In da gaske kai ka rubuta, karanta mini da bakinka."

Baba Masinja ya kunna fitila, hannu na rawa, ya buɗe ta farko. Layi biyar ne kawai, baƙaƙe karkatattu irin na sabon ɗan aji. Bayan gaisuwa ta ce: ran nan ban san sunanka na ciki ba, da na sani da na roƙa a tafi da ni, yanzu na koyi karatu don kada in sāke ɗaukar abin da ban sani ba, rabonka na gona yana nan. Ya karanta ta biyu da ta uku, duk magana ɗaya ce. Sa'an nan ya kwance buhu, ya fito da ɗan littafi inda ya rubuta damman da rabon ƙanen ya ba da shekara shekara, da kuɗin da ya tara masa. Ƙanen bai dubi littafin ba. Ya cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo gero ya sansana, ya ce, "Na gindin tsamiya ne?" Yayan ya ce, "Shi ne." Daga nan sai hawaye.

Ƙanen bai koma Baure da zama ba, gama yana da iyali da sana'a a Bukuru. Amma da Baba Masinja zai komo, ya haɗa shi da babban ɗansa, ya ce a nuna wa yaro gonar kakansa da kushewarsa. Tun daga ran nan, kowace shekara in an kai amfanin gona gida, sai Baba Masinja ya naɗe tabarma ya ɗauki buta. Ya je Nguru wurin ƙanwarsa, ya je Maiduguri bayan da hanyar jirgi ta kai can a 1964, Bukuru kuwa ba ya fashi. Makka ma Allah ya nufe shi da zuwa, da zuciya wasai.

Har ya bar duniya layin dogo bai zo ƙasar Daura ba. Sai a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Amma shi bai jira jirgi ya zo ƙofar gidansa ba. Wanda duk ya ke da ɗan'uwan da suka daɗe ba su gana ba, ya rubuta masa wasiƙa, tun da Allah ya sa ya iya. In ya ji shiru, to, ya ɗauki buta da tabarma ya bi sawunta. Allah ya ƙara danƙon zumunci, amin.