Abin da na koyo a Obalende lokacin yajin aikin 2022

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman 'yan sashen kwamfuta da duk mai sha'awar koyon rubuta manhaja.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ASUU ta shiga yajin aiki, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Ni dai bayan sati biyu ina zaman gida, daga barci sai hira a majalisa, Baba ya ce in tattara in tafi Legas wajen Kawu in riƙa taya shi aiki. Kawu yana sayar da tsire a Obalende, ba nisa da tashar motar da ke ƙarƙashin gada. Wanda ya san wurin ya san ba a barci: danfo na ihu, kwandastoci na kiran fasinja, hayaƙin nama na tashi tun daga la'asar har tsakar dare. Aikina shi ne yanka albasa, naɗe tsire a takarda, da riƙe littafin bashi.

Littafin bashin nan shi ya jawo komai. Duk ya sha mai, wasu shafukan sun manne, kullum sai an yi musu da wani kan nawa ake bin sa. Na ce wa Kawu ai ni ɗan aji biyu ne a ilimin kwamfuta, zan rubuta masa 'yar manhaja da za ta riƙe lissafin. Ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, mu gani a ƙasa."

Na ɗauko tsohuwar laftof ɗina, na sauke Python 3.10, na buɗe takardun da muka yi jarrabawa da su, na kwafi misalan yadda suke. Layin farko ma bai wuce ba. Kuskure. Na gyara, wani ya fito. Kwana biyu ina fama, har na fara zargin kaina ko dai ni ne ban da kai. Daga baya na gano abin da na haddace duk na Python 2 ne, wanda masu kula da shi suka daina tallafa masa tun 1 ga Janairu 2020. Python 3 kuwa tun Disamba 2008 ya fito. Wato na ci jarrabawa da maki mai kyau a kan abin da duniya ta riga ta ajiye. Har kwas na sati shida na taɓa biya a wata cibiya a garinmu, aka ba ni satifiket mai tambari, amma ba wanda ya taɓa gaya min yaren kwamfuta ma yana da zubi-zubi, ana fitar da sabo ana ritayar tsoho.

Bambancin ba na wasa ba ne. A Python 2 idan ka raba 5 da 2 zai ba ka 2, a Python 3 zai ba ka 2.5. Ka ga a lissafin kuɗi wannan rigima ce. Sannan abin da ya fi burge ni: a tsohon, rubuta suna irin Ɗanladi sai ka yi dabaru kafin ɗ da ƙ da ɓ su zauna lafiya, a sabon kuwa haruffanmu masu ƙugiya suna shiga kai tsaye. Tun daga 2020, kowace shekara a watan Oktoba ake fitar da sabon zubin Python, kowanne kuma shekara biyar ake kula da shi. Duk sabon zubi yana zuwa da shafin da ke bayyana abin da aka ƙara da abin da aka cire, kyauta, kowa na iya karantawa. Ni ban taɓa buɗe shi ba sai a kan bencin Kawu.

A wajen neman mafita ne na ci karo da Open Source Community Africa, wadda ake kira OSCA. Samson Goddy da Ada Nduka Oyom ne suka kafa ta a 2018, don haɗa 'yan Afirka masu aiki a kan buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da aka bar rubutunta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya yi amfani da ita. Sai na ga suna da babban taro a nan Legas a ƙarshen watan Maris, kwanaki kaɗan kafin azumi.

Da na nemi izinin Kawu, tambayarsa ɗaya ce: "Nawa za su ba ka?" Na ce ba ko sisi, ni ne ma zan kashe kuɗin mota. Ya ce, "Mutum ya zauna ya yi wa wanda bai sani ba aiki kyauta? Kai dai an ga bagidaje." Na rasa yadda zan yi masa bayani, can sai na ce, "Kawu, kamar aikin gayya ne. Yau a taru a gonarka, gobe a gonar wani, kowa ya ci amfanin." Ya yi shiru, ya juya naman da ke kan wuta, sannan ya zaro kuɗi ya miƙo min. Ya ce in dawo kafin magariba.

Gaskiya da na shiga zauren taron gabana ya faɗi. Kowa da laftof mai cike da sitika, Turanci na ta zuba, ni kuwa rigata ƙamshin yaji take yi. Na yi ta waige-waige ko zan ji wani yana Hausa. Na ji, amma ba su da yawa, kuma wannan ya tsaya min a rai har yau. Ba wanda ya tare mu a ƙofa. Ba wanda ya tambaye ni jiharmu ko makarantarmu ko makina. Wata baiwar Allah da na zauna kusa da ita a wani zaman horo ta ga ina ta kame-kame, ta jawo kujerarta ta nuna min yadda ake amfani da Git, da yadda ake tura gyara a GitHub a nemi masu aikin su karɓa. Minti talatin ɗin nan sun fi min kwas ɗin sati shida amfani.

Gyarana na farko ba wani abin a zo a gani ba ne: kuskuren rubutu a bayanin wata ƙaramar manhaja. Aka dawo min da shi sau biyu, aka nuna min inda na yi ba daidai ba cikin mutunci, a karo na uku aka karɓa. Wallahi daren nan ina yanka albasa ina murmushi ni kaɗai.

Na san uzurinmu, don ni ma na sha bayar da su: ba wuta, data ta yi tsada, tarukan duk a Legas ake yi, kuɗin mota daga Kano ko Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne. Duk gaskiya ne. Amma mafi yawan aikin ba a zauren taro ake yin sa ba. Kowane Oktoba akwai Hacktoberfest, lokacin da ake ƙarfafa sababbi su tura gyaransu na farko. Akwai Google Summer of Code da Outreachy, inda ake haɗa ka da mai koyar da kai, a kuma biya ka alawus kana daga ɗakinka. Wanda bai iya rubuta manhaja ba ma yana da abin yi: Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa, da waya kawai za ka karanta jimloli ko ka tantance na wasu. Akwai HausaNLP da Masakhane masu aikin sa kwamfuta ta fahimci harsunanmu. Idan mu masu harshen ba mu shiga ba, wasu za su yi mana shi yadda suka ga dama, mu dawo muna ƙorafin fassarar ba ta yi ba.

Shawarata ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu: yau ɗin nan ka duba wane zubi ne a kan kwamfutarka, ka kwatanta da wanda ke cikin takardunka. Ka buɗe GitHub. Ku haɗu ku biyar ko shida a hostel ku riƙa zama duk sati, ko da laftof ɗaya ce. 'Yan uwa mata, da ku nake, wadda ta koya min Git mace ce.

Manhajar bashin kuwa na gama ta kafin sallah ƙarama. Kawu ya yi amfani da ita sati uku ya koma littafinsa, wai shi ya fi yarda da abin da hannunsa ya rubuta. Ban ji haushi ba. Har yanzu in mun yi waya sai ya ce, "Ya aikin gayya?"

Wanda yake son mu fara zaman a wannan zangon ya yi magana a ƙasa, mu tsayar da rana. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.