Awa uku, in ji allo

Allunan hanyar masu yawon ƙafa a Suwizalan, waɗannan masu launin rawaya, ba su damu da kilomita ba. Lokaci suke rubutawa. Abin ya ba mu dariya da safiyar Asabar ɗin, domin mu ukun duk rubuta manhaja muke yi, kuma babu abin da ke kunyata mai wannan sana'a kamar kintacen lokaci: ka ce kwana biyu, aiki ya ci mako uku. Da muka haɗa lissafin allunan, zagayen da ke saman tafkin Oeschinen ya kama kusan awa uku. Muka ce a biyu da rabi za mu gama.

Daga ƙauyen Kandersteg muka hau ɗan akwatin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, ya sauke mu a sama. Hanyar ta fara shiga daji, cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ƙasa a jiƙe, iska na ƙamshin ƙaro. Can sai itatuwan suka yi baya, makiyaya ta buɗe, ƙararrawar wuyan shanu na tashi daga inda ido bai kai ba. Tafkin yana ƙasanmu, shi kansa mita 1,578 sama da teku, shuɗi mai ratsin kore, duwatsun Blüemlisalp da ƙanƙararsu sun tsaya a kansa. Zaftarewar dutse ce ta tare kwarin tun zamanin da, kuma ba za ka ga inda ruwan ke fita ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake zurarewa. Duk wannan a guje muka gan shi, ido ɗaya na kan agogo.

Babban cikinmu, wanda muke kira Yaya tun muna jami'a, shi ya fara koya mana yadda ake farautar kuskure a cikin manhaja. Da hawan ya yi tsanani sai ya rage sauri.

"Ku yi gaba, ina tafe," ya ce.

Mu da muka saba da na'ura mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, muka yi gaba.

A Heuberg, inda tafkin ke bayyana gaba ɗaya, muka ɗauki hotuna, muka ci dabino, muka jira. Minti ashirin, shiru. Muka kira wayarsa, sai ta yi ƙara a cikin jakarmu, inda muka jona ta a caji tun cikin jirgin ƙasa. Ba mu ce wa juna komai ba, muka juya.

Alamar fari da ja da fari da ke jikin duwatsun nan tana nufin hanyar dutse ce, mai buƙatar ƙafar da ba ta rawa. Mun gan ta, ba mu yi tunanin kowa ba. Mun same shi a wani wuri da hanyar ta tsuke, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen gangare har ƙasa. Yana zaune ya manna baya da dutsen, idonsa a rufe, yana ta salati a hankali. Wata dattijuwa mai sanduna biyu tana tsaye kusa da shi. Ba ta yi mana faɗa ba, kallon da ta yi mana ya isa. Ta ce da mu cikin Turanci ɗaya ya shiga gaba, ɗaya baya, shi kuma kada ya dubi komai sai dugadugan na gabansa.

Shekara goma sha biyar muna tare, mun san kalar shayin da yake sha da editan da yake rantsuwa da shi, ba mu san yana tsoron tsayi ba.

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kun riga kun sa lokaci," ya ce.

Haka muka ratsa har Oberbärgli, taku bayan taku, muka gangara bakin tafkin muka yi alwala da ruwan da ya sa yatsunmu suka sandare. Awa biyar da rabi. Akwatin igiya na ƙarshe ya riga ya sauka, don haka da ƙafa muka bi hanyar Kandersteg, kusan awa guda, Yaya a gaba.