Kogin Thames Da Kwatamin Da Ke Ƙarƙashin Birnin Landan

Duk baƙon da ya tsaya bisa gadar Westminster a birnin Landan zai ga ginin Majalisar Dokoki a bakin Kogin Thames, ga jiragen ruwa suna kai da kawowa, ga kuma masu shan iska bisa wata faffaɗar gaɓa da aka ɗaure da dutse. To, a cikin wannan gaɓa akwai wani ƙaton kwatami, kuma asali shi ne dalilin gina ta.

A shekarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, ɗoyin kogin ya hana 'yan Majalisa sakat, domin a wancan zamani najasar birnin duk cikinsa take zuba. Nan da nan suka yi doka, aka ɗora wa injiniya Joseph Bazalgette aikin gina magudanan da za su kwashe ƙazantar su yi gabas da ita.

Amma fa magudanan nan hanya ɗaya ce ga najasar gidaje da ruwan sama. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai su cika maƙil. Don kada ƙazanta ta koma cikin gidajen jama'a, sai aka bar waɗansu ƙofofi a jikin gaɓa inda rarar za ta kwarara cikin kogi. An yi ginin ne don mutum kamar miliyan 4, yau kuwa mutanen Landan sun kai wajen miliyan 9, ga kwalta da siminti sun rufe ƙasar da a da take shanye ruwa. Har ta kai an ƙiyasta tan miliyan 39 na gurɓataccen ruwa yana shiga kogin a shekara, wani lokaci kifaye su mutu tuli.

Saboda haka a 2016 aka fara aikin wani rami mai suna Tideway a can ƙarƙashin kogin, aka gama haɗa shi a 2025. Tsawonsa kilomita 25 ne, faɗinsa ya ɗara mita 7. Ya taso daga Acton a yamma, yana tare rarar ƙofofin nan, ya gangara zuwa Abbey Mills, daga nan wani ramin ya miƙa ta matatar Beckton. Baƙon da ya bi gaɓa zuwa gadar Blackfriars zai tarar da sabon dandali bisa ɗaya daga cikin rijiyoyin aikin, an sa masa sunan Bazalgette.

Sai dai ramin nan tsakiyar Landan kaɗai ya tsare. A Ingila akwai irin waɗannan ƙofofi fiye da 14,000, kuma sai a ƙarshen 2023 aka gama sa wa kowacce na'urar da ke nuna lokacin da ta fara zuba da lokacin da ta daina. Lissafin wannan shekara ya nuna awa miliyan 3.6 ana zubar da najasa cikin koguna da teku, abin da ya tayar wa jama'a hankali ƙwarai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yanzu dai an san ƙofar da tsamin yake fitowa. Abin da ya rage, na'urorin awa suke ƙirgawa, ba sa auna yawan abin da ya zuba.