Dablin, Birnin da Ya Fitar da Hayaƙi Waje

Duk baƙon da ya sauka a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, za a cika masa kunne da zancen yayyafin da ba ya gajiya, da kogin Liffey da ya raba gari biyu, da ƙofofin gidaje masu launi iri-iri. Na gan su, sun kuma burge ni. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iskar cikin ɗakuna. Ko gidan abinci ka shiga, ko tashar jirgin ƙasa ta Heuston, ko ofis, ba inda warin taba zai tare ka a bakin ƙofa.

Masu shan tabar suna nan, ba su ƙare ba. Za ka gan su a waje, biyu-biyu uku-uku, sun raɓe jikin bango sun ɗaga wuyan riga saboda sanyi. A bangon akwai ɗan akwatin ƙarfe da aka kafe don guntun sigari. Mutum ya gama, ya murtsuke wutar a bakin akwatin, ya jefa, ya goge ruwa daga fuska, sannan ya koma ciki. Ba ɗan sanda a tsaye, ba wanda ya ce masa uffan. Daga ciki kuma, kusa da ƙofa, ga allo manne: hoton sigari da jan layi a kansa, da sunan mai wurin, da sunan wanda za a kai wa ƙara idan an ga wani ya kunna.

Wannan ɗabi'a tana da ranar haihuwa. Ran 29 ga Maris, 2004, Ailan ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shan taba a wuraren aiki masu rufi a faɗin ƙasa, har da mashaya da gidajen abinci. Ministan lafiya na lokacin, Micheál Martin, shi ya tsaya kai da fata. Masu mashaya sun yi ta kukan cewa kasuwa za ta mutu, amma ƙungiyar ma'aikata ta Mandate ta mara wa dokar baya, don 'ya'yanta ne ke wuni cikin hayaƙin. An sa tarar da za ta iya kai Yuro 3,000, aka ɗora wa jami'an duba-gari alhakin zagayawa.

Ga hikimar dokar da ta sa na yaba mata. Ba ta hana kowa shan abinsa ba. Wanda ta duba shi ne mai hidima da bai taɓa sa kara a baki ba, amma neman abinci ya tilasta masa shaƙar hayaƙin wasu daga safe har dare. Shi ba ya da zaɓin tashi ya fita.

Masana kuma ba su bar abin a hannun zato ba. Sun auna iskar mashayun Dablin kafin dokar da bayanta, suka tarar ƙananan ƙwayoyin ƙurar hayaƙi masu kutsawa can cikin huhu sun ragu da kashi 83 cikin ɗari. Sun gwada yawun ma'aikatan da ba sa shan taba, suka ga alamar nikotin a jikinsu ta faɗi da kusan kashi 80, alhali a Arewacin Ailan, yankin da ba ya ƙarƙashin gwamnatin Ailan, inda ba a riga an kafa dokar ba, raguwar ba ta wuce kashi 20 ba. Tari da kaki da shessheƙar ƙirji da jan ido suka yi sauƙi. Dalilin a fili yake: hayaƙi yana kumbura hanyoyin numfashi, yana kuma raunana 'yan gasusuwan da ke share majina daga huhu, don haka da an ɗauke shi jiki yake fara gyara kansa.

Maƙwabciyarsu Sikotlan ta bi sahu a Maris na 2006, kuma a can ne aka ga abin da ya fi taɓa zuciya. Kafin dokar, yawan yaran da ake kwantarwa a asibiti saboda asma ƙaruwa yake yi kowace shekara. Bayanta ya koma raguwa da kimanin kashi 18 a shekara. An yi tsoron iyaye za su mayar da shan tabarsu cikin gida, sai ga shi da yawa sun saba fita waje ko a gidajensu. A 2016 Ailan ta ƙara da hana shan taba a cikin mota matuƙar akwai yaro.

Mu ma a Nijeriya muna da dokar taƙaita shan taba a wuraren jama'a tun 2015. Abin da ya rage mana shi ne wanda na gani da idona a Dablin: allo a bango, duba-gari mai zuwa da gaske, da jama'ar da suka yarda cewa huhun yaron shago da na mai sayar da abinci a tasha amana ne a wuyan kowa.