Abin da Aka Tsallake

A shekarun da shagunan kaset suka cika Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari, masu sayen fim ɗin Hausa iri biyu ne. Wani da ya ji an soma kiɗa sai ya danna rimot ya wuce waƙar. Wani kuma, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya, waƙar ce ma ta sa ya saya, labarin yake turawa gaba. Mai shirya fim ba ya ɗakin, balle ya ce a dakata.

Wannan nake tunawa idan aka yi zancen wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana zama kewaye da tebur, jagora yana ba da labari, sauran suna zaɓar abin da jarumansu za su yi, ana jefa ƙwaya irin ta ludo. Jagora zai raba dare yana tsara gari guda, da sarkinsa da ɓarayinsa, 'yan wasa su ce su daji za su bi.

Haushi kam akwai. Amma shi jagora yana wurin, yana kallon fuskokinsu, kuma ban ga amfanin tare musu hanya ba. Wasiƙar da ya ɓoye a fada sai ya mayar da ita jakar wani mafarauci. Haka kakanni ke yi da tatsuniya: yara na fara hamma, sai Gizo ya faɗo tun lokacinsa bai yi ba. Garin kuwa jagora ya sauya masa suna, ya ajiye takardar tsarinsa zuwa wani zaman.